Ranar da Lammie Ta Kife Kujeru

Shekara arba'in da shida ke nan da na san Lammie Oosting, kuma kafin hutun da zan ba da labarinsa ban taɓa ganin ta shanye kofi ɗaya a zaune ba. Takan zauna, ta kurɓa sau biyu, sai idonta ya faɗa kan wani abu: ɗigon ruwa a bakin famfo, labulen da ya karkace, ɓurɓushin burodi a ƙarƙashin kujerar wani. Kafin ka ajiye cokali ta riga ta miƙe. Ni mutum ne mai duba agogo, haka aka horar da mu a makarantar mishan, saboda haka na sha auna ta ba tare da ta sani ba. Har zuwa lokacin, zamanta mafi tsawo minti huɗu ne, shi ma ranar da aka binne mahaifiyarta.

Ƙanwar marigayiya matata Roelie ce. Ranar da aka fara kai ni gidansu a Drenthe, a karkarar ƙasar Turawan nan, ina saurayi baƙo, harshensu ma bai zauna a bakina ba, ita ta fara tsokanata. Ta dubi yayarta ta ce, "Wannan naki sai kallon agogo yake yi. Jirgi zai kama ne?" Har yau ba mu daina ba.

'Yar manomi ce, ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Ta auri Harm mai gyaran kekuna, mutum mai jiki da sanyin hali, wanda zai iya zama awa biyu yana kallon ruwan sama ba abin da ya dame shi. Sun haifi biyu, Henrike da Egbert. Lokacin da aka sare wani gefe na dajin bayan garinmu aka gina ƙauyen hutu, Lammie na da shekara talatin da biyu, ita ce ta uku da aka ɗauka aikin share gidajen. Ina tuna wurin a farkonsa: ƙananan gidajen katako sittin, tafki ɗaya mai ruwan sanyi, da kanti guda da ake buɗewa awa biyu da safe. Da yamma ba ka jin komai sai ƙararrawar keke da iyaye mata na kiran yara. Yanzu gidaje ɗari huɗu ne na bulo, ga wurin iyo mai rufin gilashi inda mutum ke gumi ko da ƙanƙara na zuba a waje. Ban ce yanzu ya fi muni ba. Na dai fi son na dā.

Litinin da Juma'a su ne ranakun canji. Masu hutu su fita kafin ƙarfe goma, sababbi su shigo ƙarfe uku, a cikin awa biyar ɗin nan mata biyu su gama gida shida. Haka Lammie ta yi shekara talatin da ɗaya. Takan ce ba ta bukatar ganin fuskar mutum, a nuna mata ƙarƙashin gadonsa kawai. Ƙarfe goma sha biyu matan kan taru a ɗakin ajiye tsintsiya su sha kofi a tsaye, kowace ta ba da labarin abin da ta tarar. Ba su san sunan kowa ba, lambar gida suke kira. "Mutanen sha bakwai sun bar kifi a firji." "Na talatin da biyu ko alade ba zai kwana a ɗakinsu ba." Wasu lambobin an yi shekara goma ana tuna su.

Kamar yawancin gidaje a nan, su ma suna da nasu hutun dangi: sau ɗaya a shekara, cikin Nuwamba, daga Juma'a zuwa Litinin, a ɗaya daga cikin ƙauyukan hutun nan. Ni da Roelie ba mu haihu ba, don haka tare da mu ake zuwa. Na je sau goma sha tara. Harm ke neman wuri, kuma kullum nesa yake zaɓa, bakin teku a Zeeland, tafiyar awa huɗu a mota. In an yi ƙorafi ya ce, "Lammie na son teku."

Shi ne ya taɓa gaya mini amfanin irin wuraren nan, kuma ban ji wanda ya faɗa daidai kamarsa ba. Ya ce, "Gida ne da ba na kowa ba, Ishaya. Ba mai masauki, ba baƙo. Ba mota a ciki, sai ka saki yara da kekuna ka manta da su. In ruwa ya sauko a tafi iyo. Kwana uku kuma ya isa, kafin a gaji da juna an watse."

Ranar Lahadi ƙarfe uku daidai, kafin masu yara su kama hanya saboda makarantar Litinin, Harm yakan zuba kofi, ya yanka kek ɗin tuffa, ya ce, "To, ku fito da littattafanku." Kowa ya zaro ɗan littafinsa na kwanan wata, daga baya matasan suka koma waya. Ba mai tashi daga tebur sai an rubuta ranar baɗi. Abin da bai shiga littafi ba, ba zai faru ba. Ko ɗanka na cikinka kake son gani, sai ka nemi rana tun saura mako uku.

Harm ya rasu cikin Maris. Nuwamban shekarar ba wanda ya iya zuwa, don haka ba a yi zaman Lahadi ba, ba a kuma rubuta komai ba. Shekarar da ta biyo, Henrike, wadda nas ce a Utrecht, ta yi wata huɗu tana buga waya kafin ta sami ranar da kowa ya yarda da ita. Egbert, da ke aikin ofis a Zwolle, bai ɓoye ba. Ya ce, "Zan zo saboda Mama ta cika saba'in. Amma kar a ɗauka an dawo da abin ne. Yara sun girma, kowa da nasa."

Maganar ta kai kunnen Lammie. Na je gidanta ranar Laraba, tana goge tagar da ba ta da datti, ta ce mini ba tare da ta juyo ba, "In muka tashi ran Lahadi ba a rubuta rana ba, shi ke nan, Ishaya. Ba za su sake haɗuwa a tebur ɗaya ba sai ranar da za a binne ni."

"Ranar ma ke za ki tashi ki wanke kofuna," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce Henrike ta ƙi gaya mata inda za a je, wai sai ta gani.

Ranar Juma'a Henrike ta ɗauke mu ƙarfe uku saura kwata. Na shirya zaman awa huɗu, har da matashi saboda bayana. Minti tara muka yi, motar ta tsaya a ƙofar ƙauyen hutun bayan garinmu.

"Shekara talatin da ɗaya kina gyara gadajen nan, Mama, ba ki taɓa kwana a ko ɗaya ba," in ji Henrike, fuskarta cike da murna. "Yau ke ce baƙuwa. Ga shi kusa, ba wahalar hanya."

Lammie ta ce ta gode. Ta riƙe jakarta da hannu biyu.

Gida mai lamba arba'in da takwas aka ba mu, babba, mai gado goma. Mu goma ne cif: ni, Lammie, Henrike da 'ya'yanta biyu, Egbert da matarsa Nienke da nasu uku. Aka sauke kaya, aka mai da motoci filin ajiya a wajen ƙofa. Lammie ta san gidan kamar tafin hannunta. Ta gaya wa Nienke famfon sama a juye yake, ruwan zafi na dama. Ta ɗaga ƙofar kicin kaɗan kafin ta tura, don ta san yadda take cijewa. Sannan ta yi ɗage, ta shafa yatsa a saman ƙofar, ta duba.

Tana cikin dubawa wata mata ta tsaya da keke a bakin hanya, bokiti rataye a hannun keken. Fenna ce, wadda Lammie ta koya wa aiki tun tana budurwa, yanzu ita ce shugabar masu sharar.

"Malama, ke ce a arba'in da takwas?" ta ce tana dariya. "To ni da kaina zan zo ran Litinin. Mu ga yadda malama ke barin gida."

Wasa take yi, kowa ya ga haka. Lammie ma ta yi dariya. Amma kafin a gama raba ɗakuna ta riga ta zaro rigar aikinta daga ƙasan jaka. Ban san me ya sa ta zo da ita ba. Ita ma ta ce ba ta sani ba.

Asabar aka tashi da yayyafi. Jikoki suka karɓo kekunan haya masu ruwan ɗorawa suka ɓace, ba a sake ganinsu ba sai lokacin burodi da cuku. Nan wurin ya yi abin da aka gina shi dominsa, dole in faɗi gaskiya. Ƙaramar cikinsu mai shekara bakwai ta je kanti ita kaɗai ta sayo madara, ba wanda gabansa ya faɗi. Manyan biyu da ba sa magana da juna sai ta waya suka wuni a ruwa. Ni da gwiwata muka zaga tafki a kan hanya mai laushi, da benci kowane taku ɗari biyu, na ƙirga. Egbert da Henrike suka yi tafiyar awa ɗaya a daji, abin da rabonsu da shi tun rasuwar ubansu.

Lammie ce kaɗai ba ta je ko'ina ba. An kira ta daji, ta kai bakin itatuwa ta ce ta manta ko ta kashe murhu. An kira ta kallon yara a ruwa, ta ce sai ta shanya tawul. Duk wanda ya shigo sai ya tarar da ita a ƙofa da tsumma, tana kallon takalmansa. In ka ajiye kofi ka juya, ka dawo an wanke shi an kife. Nienke ta bar littafin da take karantawa a buɗe a kan kujera, ta dawo ta same shi a rufe cikin jakarta, a sama.

"Zauna mana, Lammie," na ce. "Kina sa ni jiri."

"Kai ai zama ne sana'arka. Ɗaga ƙafa."

Na ɗaga, ta share.

Ƙarfe shida aka yi abincin ƙananan kasake, wanda jikoki ke jira duk shekara. Akan ajiye farantin wuta a tsakiyar tebur, kowa da ɗan kaskonsa da bai fi tafin hannu ba, ya soya nama da albasa da ƙwai yadda ya ga dama. Masu shara sun tsani abincin nan, don maiƙonsa na kama komai. Tun ƙarfe biyar Lammie ta cire labulen falo ta kai sama. Da aka kunna wuta ta buɗe tagogi biyu. Muka ci abinci cikin rigunan sanyi, ita kuma tana zagaya mu da tsumma.

"Mama, a rufe tagar nan mana," in ji Egbert. "Ƙwaina ya huce tun yana cikin kasko."

"Warin mai yakan kama labule."

"Wane labule? Kin cire su."

Yara suka fashe da dariya. Egbert bai yi ba. Ya ajiye cokali ya dubi yayarsa. "Henrike, abin da aka biya na kwana ukun nan, da mun kai ƙasar Sifen mun dawo, da rana a kanmu."

"Kawu Ishaya da gwiwarsa ne za su hau jirgi? Ko 'ya'yanka ne za su bar makaranta?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa. Mun baro gidajenmu mun zo kallon Mama tana share gidan wasu."

"A bar gwiwata a waje," na ce. "Ba ta yi wa kowa laifi ba."

Lammie na tsaye a bayan kujerar Nienke, tsumma a hannu. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai wani ɗigon mai ya fantsama kan fitila, ta miƙa hannu ta goge.

Lahadi da safe na je coci a gari na dawo. Na tarar ta toya kek ɗin tuffa, yana shan iska a kan firji, littafinta na kwanan wata kuma yana cikin aljihun rigar aikin, kansa ya leƙo. Hankalina ya ɗan kwanta. Bayan abincin rana, ƙarfe ɗaya da rabi, kowa ya tafi iyo na ƙarshe. Na bi su, na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar roba ina gumi. Lammie ta ce za ta biyo mu. Ba ta zo ba.

Muka dawo uku saura minti biyar, gashin yara na ɗigar ruwa. Tun daga nesa na ga abin da ta yi. Jakunkuna takwas a jere a bakin ƙofa, a ƙarƙashin rumfa, kowace a zuge, har da buroshin haƙori a ciki. Kusa da su zannuwan gado, an cusa su cikin rigunan matashi kamar yadda takardar da ke manne a ƙofar kicin ta ce a yi ranar tafiya. Ta cikin ƙofa kuwa, kujeru goma a kife a kan tebur, ƙafafunsu a sama. Ƙasa na sheƙi da ruwa. Lammie na tsakiyar falo tana ja da baya da abin goge ƙasa.

"Kar ku shigo," ta ce. "Minti goma."

Muka tsaya cirko-cirko a cikin yayyafi.

"Mama, kofi fa?" in ji Henrike.

"Na wanke tukunyar na goge. Bari ƙasa ta bushe tukuna. Na ga tunda yau za ku tafi, gara in rage na gobe."

Nienke ta sunkuya ta ɗauki jakarta. Ba da fushi ta yi magana ba. Ta ce, "A gidanmu in aka fito maka da kayanka bakin ƙofa, ba ka tsayawa jiran kofi."

Egbert ya duba waya, ya ce daga ƙarfe huɗu hanya za ta cushe. "Tunda an riga an ɗaure mana kaya," ya ce. Ya tura yara su jawo amalanken katakon da ake kai kaya filin motoci da shi. Ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a bakin ƙofa suka miƙa wuya ta saman jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta yi musu sumba uku uku a kunci ba tare da ta saki sandar ba. Henrike ce ta ƙarshe. Idonta ya yi ja, amma ta ce ruwan wurin iyo ne.

Da suka juya na matsa kusa. "Lammie, uku da minti goma sha biyu."

"Na sani, sarkin agogo."

"Littafina na aljihu. Ban rubuta komai ba."

Ta dubi amalanken da ke tafiya, ta dubi ƙasa. Rabi ta goge, rabi saura. "In na bari yanzu zai yi zane," ta ce a hankali. "Fenna za ta gani."

Na bi bayan amalanke. A hanyar ne na gane dalilin da ya sa Harm yake tuƙin awa huɗu kowace shekara, shi da ba ya son tuƙi. A can ma takan share, amma kaɗan, don matan da za su shigo ran Litinin ba su san ta ba. Ƙarfe uku na Lahadi kuma yakan dafa kafaɗarta da hannu ɗaya ya zuba kofi da ɗayan. Sau goma sha tara ina gani, ina ɗauka soyayya ce kawai.

Daga arba'in da takwas zuwa filin motoci minti goma sha huɗu ne da amalanke. Na mai da shi ashirin. Na tsaya a benci biyu, na ɗora wa gwiwata laifin da ba ta yi ba. Uku da minti talatin da shida an gama loda kaya. Henrike ta rungume ni ta ce za ta kira. Egbert ya shiga mota ya tayar.

Sai muka ji ƙararrawar keke.

Ɗaya daga cikin kekunan hayar yaran ne, ya yi mata ƙanƙanta, gwiwoyinta na kusan taɓa hannunsa. Rigar aiki a jikinta, silifas ɗin cikin gida a ƙafa, kek ɗin tuffa a cikin faranti ta matse shi a hammata. Ta wuce ni, ta wuce Henrike, ta gitta keken a bayan motar Egbert, ta sauka tana haki.

"Ba wanda zai tafi," ta ce. "Ku fito da littattafanku."

Egbert ya sauke gilashi. "Mama, ruwa ake yi."

"Na gani. Ni ma a cikinsa nake."

"Ƙasar ta bushe?" in ji Henrike.

"Ban sani ba. Na yi tuntuɓe da bokitin wajen fitowa, ya kife a tsakiyar falo. Ƙofar ma a buɗe na baro ta."

Na ga Nienke ta taɓa hannun mijinta. Ya kashe mota.

Muka ɗaga murfin bayan motar ya zama mana rumfa. Na yanka kek ɗin da 'yar wuƙar aljihuna, gida goma, ba daidai ba don gefe ɗaya ya lotse a hammata. Henrike ta je ofishin bakin ƙofa ta sayo kofin inji a kofunan takarda.

"Wannan ba kofi ba ne," in ji Egbert bayan ya kurɓa. "Ruwan wanke kofi ne."

"Sha ka yi shiru," in ji Lammie. "Makon farko na Nuwamba."

"Tsaya tukuna. Ban ce na yarda ba." Ya dube ta daga silifas har gashi. "In za a yi, ba nan ba."

"Na ji."

"Wurin da ba ki san kowa ba, ba kuma wanda ya san ki."

"Babanku ma haka yake yi."

Henrike ta sauke kofinta. "Ashe ba teku kike so ba?"

"Teku? Na tsani teku. Ba abin da yake kawowa sai yashi a cikin gado."

Egbert ya yi dariya har kofi ya zube masa a riga. Lammie ta kai hannu aljihu neman tsumma, ya riƙe hannun. "Rigar aikin nan taki kuma ni zan tafi da ita Zwolle," ya ce. Ta zaro littafinta daga aljihun, ta kwance rigar ta miƙa masa.

Daga nan aka shiga neman rana. Makon farko bai yiwu ba, mahaifiyar Nienke na cika shekara. Na biyu babban ɗan Egbert na da wasan ƙwallo, aka yi gardama ko zai kai baɗi yana ƙwallon, ya ce zai kai. Na uku Henrike na aiki. Na huɗu ya yi kusa da Disamba. Aka koma Oktoba, ya fi muni. Sau biyu Egbert ya mai da waya aljihu ya ce a bari a yi magana daga baya, sau biyu Lammie ta ce keken ba zai motsa ba. Tana ta sauya ƙafa, silifas sun jiƙe sharkaf, ta leƙa hanyar gida, ta dawo da ido kan littafi, ta sake leƙawa. A ƙarshe Henrike ta buga wa wata abokiyar aikinta waya a nan take, ta roƙe ta musanyar kwana na shekara mai zuwa. Matar ta duba nata littafin ta ce to.

Mako na uku na Nuwamba, a bakin teku kamar dā. Minti ashirin da shida aka yi kafin a kai nan. Matasan suka sa a waya. Lammie ta rubuta da fensir, sannan ta karɓi alƙalamina ta bi ta kai da tawada.

Suka tafi huɗu da minti biyar, kuma na ji daga baya sun sha cunkoso.

Ni da ita muka kwana a gidan mai gado goma. Ruwan bokitin ya bi ta ƙarƙashin kabad ya bar tabo mai faɗi a katako. Litinin da safe ta yi abubuwa huɗun da takardar ƙofar kicin ta ce: zannuwa, kwanuka, shara, kwalabe. Na ga idonta na komawa kan tabon. Ba ta da rigar aiki, kuma ina zaton hakan ya taimaka. Tara da rabi na dafa kofi, ta zauna ta sha. Na duba agogo a ɓoye. Minti goma sha ɗaya, ko da yake ƙafarta ba ta daina kaɗawa ba.

Goma daidai Fenna ta jingine kekenta ta shigo. Ta tsaya a kan tabon, ta dubi ƙasa, ta dubi Lammie.

"Malama, me ya faru a nan?"

"Baƙi ne," in ji Lammie. "Kin san halinsu." Ta miƙa mata makulli.

A hanyarmu ta zuwa ƙofa ta waiwaya sau uku. Ta buɗe littafinta ta duba ranar, kamar wadda ke tsoron tawada ta gudu, ta rufe. Can ta ce, "Ishaya, a can bakin teku, kana ganin suna goge saman ƙofa kuwa?"

Na ce mata saura kwana ɗari uku da sittin da ɗaya, sai mu je ta gani. Ta ce in ɗaga ƙafa, bas ba zai jira mu ba.